Na danna "Agree" a manhajar rance, yanzu sun tona mini asiri a wurin surukaina

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce a Zariya, da aure da 'ya'ya uku. Gab da ƙaramar salla injin kekena ya ƙone, ga ɗinkin mutane jibge a ɗaki. Wata ƙawata ta turo mini manhajar bayar da rance ta WhatsApp, na sauke, na cike, duk abin da ya fito na danna masa "Agree" da "Allow" saboda sauri. Na nemi naira 20,000, suka turo 14,000, wai sauran kuɗin aiki ne, in biya 20,000 cikin kwana bakwai. Da na makara da kwana biyu sai suka fara tura saƙo ga mutanen da ke wayata, har da uwar mijina da malamin Islamiyyar yarana da kwastomomina, suka haɗa da hotona, wai ni ɓarauniya ce ana nemana. Na kira su, wani ya ce ai ni na ba su izini, yana cikin ƙa'idar tsare sirrin da na amince da ita, kuma za su turo 'yan sanda su rufe mini BVN. Maigidana bai san na ci bashin ba, a bakin mahaifiyarsa ya ji. Shin da gaske tunda na danna ba ni da ta cewa? In goge manhajar ne, ko in canza layi?

Mai ɗinki, Zariya

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa. Kada ki goge manhajar yau, kada kuma ki canza layi, dalilin yana tafe. Amsar babbar tambayarki ita ce a'a: danna "Agree" bai halatta musu abin da suka yi ba. Amma bashin yana nan a wuyanki. Magana biyu ce suka cakuɗa miki da gangan don kunya ta sa ki biya duk abin da suka yanka, wato kuɗin da suke binki da haƙƙinki da suka ci. Kowacce hanyarta daban.

Abubuwa uku kika amince da su a zama ɗaya, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsu abu guda. Na farko yarjejeniyar rancen, inda aka faɗi nawa za a ba ki, nawa za ki mayar, da tarar makara. Na biyu ƙa'idar tsare sirri. Na uku ƙananan akwatunan nan da wayar kanta take fitarwa tana tambaya ko kin yarda manhaja ta taɓa kaza.

Sunan ƙa'idar tsare sirri shi ne farkon yaudarar. Wanda ya ji shi sai ya zaci alkawari ne na rufa masa asiri, alhali sanarwa ce kawai da kamfani ke yi: ga abin da za mu kwasa daga gare ka, ga abin da za mu yi da shi, ga waɗanda za mu ba. Kamfani yana iya rubuta cewa zai raba bayananki ga mutum ɗari, sunan takardar ba zai canza ba. A 2014 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi masu amfani da intanet a Amurka, kashi 52 cikin ɗari suka ce idan kamfani yana da wannan takarda, to ya ɗauki nauyin ɓoye bayanansu ke nan. Waɗannan fa mutane ne da aka rubuta takardar da harshen da suka tashi da shi. Tun a 2008 wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, suka lissafa cewa idan mutum zai karanta ƙa'idar kowane shafi da yake shiga, sai ya ƙona fiye da awa 200 a shekara. An kuma taɓa gwada ɗalibai 543 da wani dandalin sada zumunta na ƙarya mai suna NameDrop, aka cusa sharaɗi cewa duk wanda ya yi rajista ya sallama ɗansa na fari ga kamfanin. Kashi 74 ba su ma buɗe ƙa'idar tsare sirrin ba, kashi 98 kuma ba su lura da irin waɗannan sharuɗɗan na tarko ba. Saboda haka ki daina zargin kanki da rashin boko. 'Yan jami'a ma ba sa karantawa.

Ƙofar da ɓarnar ta shigo kuwa ita ce ta ukun. Ki tuna akwatin da ya fito yana cewa "Allow … to access your contacts?" A daƙiƙun da suka biyo bayan dannawarki, manhajar ta kwafe duk sunaye da lambobin da ke wayar ta aika rumbun kamfanin, yadda kika rubuta su da hannunki: Hajiya Mama, Malam Islamiyya, Anti mai leshi. Ba duba suka yi ba suka gano wa kike jin nauyi. Sunaye irin su Hajiya, Baba, Malam da Oga suke tsinta, domin nan ne kunya ta fi zafi. Idan kin ba da izinin saƙon tes, sun karanta alat ɗin bankinki, sun san ranar da kuɗi ke shigo miki da abin da ya rage a asusu, da shi ma suke auna nawa za su ba ki. Hoton da suka yaɗa kuma, mai yiwuwa wanda suka sa ki ɗauka ne ranar rajista kina riƙe da katin shaida.

Yanzu ga abin da doka ta ce. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sashe na 24 ya ce ba a karɓar bayanan mutum sai don wata manufa takamaimai da aka fayyace, wadda ta halatta, kuma iya abin da manufar ke buƙata. Tantance mai neman rancen naira 20,000 ba ya buƙatar lambar malamin Islamiyya, tozarta mutum kuma ba halastacciyar manufa ba ce ko da an rubuta ta baro-baro. Sashe na 26 ya ɗora wa kamfani nauyin tabbatar da cewa kin amince, ya ce dole neman amincewar ya zo da harshe mai sauƙi, kuma a duba ko an tilasta miki ba da bayanan da cinikin ba ya buƙata kafin a yi miki hidima. Manhajar da ba ta buɗewa sai an ba ta dukan lambobi ta faɗa cikin wannan ramin kai tsaye.

Akwai kuma wata hujjar da ta fi duka ƙarfi, wadda mutumin da kika kira ba zai so ki sani ba. Lambar uwar mijinki ba taki ba ce balle ki bayar. Bayanan Hajiya ne, ita kuwa ba ta danna komai ba. Irin wannan ne ya jawo wa Facebook babbar rigima a 2018, lokacin da aka gano cewa wata manhaja da mutane kusan 270,000 suka amince da ita ta kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica. A gida ma an hukunta wannan ɗabi'ar: a Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke wayar masu cin bashinsa. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan rance a Ikeja, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista. Hukumar ce kuma a Yulin 2024 ta ci Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake tafiyar da bayanan 'yan Najeriya, duk da kowa ya danna masa "Agree". In dannawa ba ta zame wa Meta garkuwa ba, ina ga wani ƙaramin kamfani mai kiran mutane ɓarayi?

Wani abu a wasiƙarki ya tsaya mini a rai, cewa ta WhatsApp aka turo miki manhajar. Tun 31 ga Mayu 2023 Google ya haramta wa manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotuna da bidiyo da takamaiman wurin da mutum yake. Dama can ƙa'idarsa ba ta yarda da rancen da ake neman a biya gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba, taki kuwa kwana bakwai ce. Shi ya sa masu wannan sana'a suke yaɗa manhajarsu ta hanyar linki ko a tura ta waya zuwa waya, inda babu mai duba ta. Ƙawarki mai yiwuwa ba ta san haka ba, kuma lambarki tana hannunsu tun ranar da ita ta sauke.

To, ga aikin da ke gabanki, kuma jerin yana da muhimmanci, domin wanda ya fara da gogewa ya goge shaidarsa.

Ki fara da tara hujja. Ki danna maɓallin kashe waya da na rage sauti tare, zai ɗauki hoton abin da ke fuskar wayar. Ki ɗauki shafin da ke nuna rancen, da adadin da suka ce za ki biya, da ranar biya, da tarar da suke ƙarawa kullum. Ki ɗauki alat ɗin da ya nuna 14,000 ne suka shigo. Ki ɗauki kowane saƙon barazana yadda lambar mai turowa da rana da lokaci za su fito a hoton. Ki roƙi mutum uku ko huɗu cikin waɗanda aka tura wa saƙo su ɗauko hotonsa daga wayarsu su turo miki, kada su kwafo rubutun kawai, domin kwafe ba ya nuna daga ina ya fito. Sannan ki buɗe ƙa'idar tsare sirrin da yarjejeniyar rancen ki adana su, ko ta ɗaukar hoto shafi-shafi, ko a Chrome ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi Share, sai Print, sai Save as PDF. Kamfanoni suna sauya rubutun idan wuta ta taso, wanda ke hannunki mai kwanan wata shi ne zai yi magana. Duk abin da kika tara ki tura kwafinsa wayar maigida ko imel, don kada wayar ta ɓace ko ta lalace.

Cikin wannan aikin ki nemo ainihin sunan kamfanin. Sunan manhaja daban, sunan kamfani daban, kuma kamfani ɗaya kan riƙe manhajoji biyar ko fiye da sunaye iri-iri. Sunan yakan fito a sakin layi na farko na ƙa'idar, ko a alat ɗin kuɗin da suka turo, ko a sunan asusun da suka ce a biya. Idan akwai lambar rajista mai farawa da RC ki rubuta ta. Da wannan sunan za ki duba jerin masu bayar da rance da FCCPC ta amince da su, wanda ke shafinta na intanet. In babu su a ciki, ki sa hakan a layin farko na ƙorafinki.

Bayan hujja sai rufe ƙofa. Ki danne alamar manhajar na ɗan lokaci har App info ya fito, ki shiga Permissions, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, Contacts, SMS, Call logs, Phone, Photos ko Storage, Location, Camera, kowanne ki mayar da shi Don't allow ko Deny. A Tecno da Infinix da itel za ki iya bi ta Settings, wurin sarrafa manhajoji. Akwai wasu izini uku da ba sa cikin wannan jerin, sun kuma fi haɗari, musamman ga manhajar da ba daga Play Store ta zo ba. Ki rubuta sunayensu a wurin bincike na Settings: Accessibility, wanda ke ba manhaja damar ganin duk abin da ke fuskar waya har ta danna da kanta, Notification access, wanda ke karanta saƙon da ya faɗo, har da lambar OTP ta banki, da Device admin apps, wanda ke hana a cire manhaja. Idan kin ga sunanta a ɗaya daga ciki, ki kashe. Wanda ya zo goge manhaja ya tarar maɓallin Uninstall ya dushe ba ya dannuwa, yawanci na ukun nan ne. Mai yiwuwa manhajar ta ƙi buɗewa bayan kin janye izinin, shi ya sa aka ce hotuna tukuna.

Ki sani, wannan ba zai dawo da abin da suka riga suka kwafa ba, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Goge manhajar ma ba ya goge komai daga rumbunsu. Amfaninsa shi ne daga yau ba za su ga sabuwar lamba ko sabon alat ba.

Sai batun kati. Idan ranar rajista kin sa lambobin katin cirar kuɗinki da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun bayansa, aka ɗan cire wasu 'yan nairori na gwaji, to sun ɗaure katin ke nan, suna iya jan kuɗi duk lokacin da suka shigo ba tare da sun sake tambayarki ba. Ki je bankinki da katin shaida, ki ce a rufe katin a ba ki sabo, ki kuma tambaya ko akwai umarnin cirar kuɗi kai tsaye da aka ɗora a asusun. Wannan ba dabarar gudun bashi ba ce. Manufar ita ce abin da zai fita ya zama abin da kika sani kika yarda, kada kuɗin yadin kwastoma ya shigo da safe a wayi gari an share shi da sunan tara.

Daga nan ki rubuta wa kamfanin, ta adireshin imel da ke ƙarshen ƙa'idar tasu. Kira a waya ba ya barin shaida, kuma masu kiran an ɗauke su ne don su tsorata mutane. Ki sami wanda zai taimaka miki a sa shi da Turanci, a taƙaice. A faɗi sunanki da lambar da kika yi rajista da ita da ranar rancen. A ce bisa sashe na 35 na dokar 2023 kin janye amincewarki da su yi amfani da lambobin wayarki da saƙonninki da hotunanki. A ce bisa sashe na 34 kina neman su faɗa miki bayanan da suke riƙe da su a kanki da waɗanda suka ba, su kuma goge waɗanda kika lissafa. A ce su daina tuntuɓar kowa sai ke, su turo cikakken lissafin bashin a rubuce. Ki ba su mako biyu. Abu ɗaya da ba za ki iya tilasta musu gogewa ba yanzu shi ne bayanin rancen kansa, sunanki da adadin da ranar, tunda ciniki ne da bai ƙare ba. Wataƙila ba za su amsa ba. Rashin amsar ma hujja ce, a haɗa ta da sauran.

Ba sai kin jira su ba kafin ki kai ƙara. FCCPC tana karɓar ƙorafi kan masu rance ta shafinta, NDPC kuma tana karɓar na cin zarafin bayanai, kuma gara ki kai duka biyun, domin ɗaya cinikin da barazanar take dubawa, ɗayar kuma kwasar lambobin. Ki rubuta abin da ya faru bi da bi da kwanan wata, ki liƙa hotunan, ki ajiye lambar ƙorafin da za a ba ki. Tarar da dokar ta tanada ga babban mai riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Kada ki sa ran hukuma za ta kira ki gobe, aikin yana da nawa, kuma kamfanin da aka rufe yakan dawo da sabon suna. Duk da haka tarin ƙorafe-ƙorafe ne ke sa a cire manhaja ko a rufe asusun kamfani. Hajiya da malamin Islamiyya su ma suna da ikon kai nasu ƙorafin, nasu ma ya fi naki tsabta tunda ba su taɓa hulɗa da kamfanin ba. Idan kina son neman diyya, dokar ta ba ki damar zuwa kotu, kuma kiran mutum ɓarawo a gaban jama'a ɓata suna ne mai zaman kansa. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suna sauraron masu ƙaramin ƙarfi.

Barazanar 'yan sanda kuwa iska ce. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, makara wajen biyan bashi kuma daga ciki take. Dokar ta kuma hana kama wani a madadin wani, don haka babu mai taɓa maigida ko ƙaninki. Kamfanin rance ba shi da ikon rufe BVN. Abin da mai rajista zai iya yi bisa ƙa'ida shi ne kai sunanki hukumomin tattara tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, wanda zai iya hana ki samun rance a banki nan gaba. Wannan kam gaskiya ne, kuma dalili ne na kashe bashin da wuri.

Ki dubi lissafin da kyau: 6,000 a kan 14,000 cikin kwana bakwai kusan kashi 43 cikin ɗari ke nan a mako guda, kafin tarar makara. Hukuncin wannan ƙarin a addini ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa. Ta fuskar kuɓuta dai, ki rubuta musu nawa za ki iya biya da ranakun da za ki biya, ki ƙi amincewa da duk tarar da ba ta cikin yarjejeniyar da kika adana. Kada ki tura kuɗi asusun da wani ya aiko miki ta WhatsApp mai sunan mutum. Yana faruwa ma'aikaci ya karɓa ya cinye, manhaja ta ci gaba da nuna ana binki. Ki biya asusun da ke cikin manhajar ko mai sunan kamfanin, ki ajiye rasit, ki ɗauki hoton shafin da ya nuna bashi ya koma sifili. Sai a sannan za ki nemi su rufe asusunki, sannan ki goge manhajar. Babban kuskuren da ke nutsar da mutane shi ne cin bashin wata manhajar don biyan wannan, sau da yawa ma kamfani ɗaya ne, kuma ta biyun za ta sake kwasar lambobin. Gara ki karɓi kwasar adashi da wuri, ko ki nemi kafin alƙalami daga kwastomomin da suka san aikinki, ko maigida ya rufe ki biya shi a hankali.

Layinki kuma ki riƙe shi. Da shi aka ɗaure NIN da BVN da alat ɗin banki, da shi kwastomomi suka san ki. In suka rasa ki a waya, mutanenki za su ƙara matsa wa. Sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa kan sake sayar da shi, saƙonnin bankinki su koma hannun baƙo. Toshe lambobin masu zagin ya isa, bayan kin ɗauki hoton abin da suka turo.

Gyaran da ya fi wuya na cikin gida ne. Maigida ya ji labarin a bakin mahaifiyarsa, wannan ne ya fi ƙona masa rai fiye da 20,000. Ki zauna da shi yau ki nuna masa komai a wayar, har lissafin, kada ki rage ko sisi, domin idan wani adadin ya sake ɓullowa daga baya maganar za ta dawo sabuwa. Wurin Hajiya kuma ƙafa za ki taka tare da shi, ba a yi wa uwar miji irin wannan bayani ta waya. Sauran jama'a saƙo ɗaya ya wadatar, kamar haka: "Assalamu alaikum. Saƙon da aka turo muku a kaina daga wani kamfanin rance ne da ya kwashi lambobin wayata. Ƙaramin bashi ne ina kan biya, ban saci kayan kowa ba, ban kuma sa sunan kowa a matsayin mai tsaya mini ba. Kada ku tura musu kuɗi, ku toshe lambar. Na kai ƙara. Ku yi haƙuri da damun da aka yi muku." Jimlar mai tsaya mini tana da amfani, domin sukan ce wa mutane ai ku ne garanto, alhali ba a zama garanto sai da yarda da sanin mutum. Za ki yi mamakin yawan waɗanda za su amsa miki da cewa an taɓa turo musu irinsa a kan wani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Nan gaba ba sai kin karanta shafi ashirin ba, minti biyar ya isa idan kin san inda za ki duba. Ki buɗe ƙa'idar a Chrome, ki taɓa ɗigo uku, ki zaɓi Find in page, ki nemi "contacts", sai "SMS", sai "third part", sai "retain", sai "delete". Biyun farko za su nuna abin da ake kwasa, ta uku waɗanda ake ba, biyun ƙarshe tsawon lokacin da ake ajiyewa da yadda ake neman a goge. Ki sa ido kan kalmar "may", domin duk inda kamfani ya ce yana iya yin abu, ki ɗauka zai yi. "Partners" da "affiliates" da ba a faɗi sunayensu ba suna nufin duk wanda suka ga dama. Idan kika ga "recovery" ko "collection" kusa da "contacts" a jimla ɗaya, ki rufe shafin. Chrome yana fassara shafi zuwa Hausa, fassarar takan yi tuntuɓe a kalmomin shari'a amma tana nuna inda maganar ta dosa. A Play Store kuma akwai sashen Data safety a ƙarƙashin kowace manhaja, sai dai mai manhajar ne ya cike shi da kansa, don haka ki haɗa shi da karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya. Ƙa'idar da babu sunan kamfani ko adireshi ko imel a cikinta, ba a yi ta don a amsa tambayar kowa ba.

Idan kin gama da wannan manhajar, ki shiga Settings, Privacy, Permission manager, ki taɓa Contacts. Zai jero miki duk manhajojin da ke da izinin karanta lambobinki yanzu haka. WhatsApp da manhajar kira suna da dalili. Tocila da wasan yara da manhajar gyaran hoto ba su da shi, ki janye. Ki maimaita a SMS da Location, sannan ki karɓi wayar ƙawar da ta turo miki linkin ku yi mata irin wannan sharar tare.